Cizon Kuɗi da Kuɗin Cizo

A yini guda nakan ce "araha ba ta ado" sau ashirin, in kasuwa ta yi kyau har talatin. Rumfata tana layin 'yan takalma a Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, a baki kuwa ba mai tuna wannan dogon suna sai 'yan jarida ran da aka yi gobara. Mace za ta ɗauki takalmi ɗan Turkiyya, ta juya shi, ta lanƙwasa, ta ji kuɗinsa ta sake shi kamar ta dafa garwashi, ta ce ai ta ga irinsa a layin baya rabin wannan kuɗin. Sai in gyara zaman hula, in kwantar da murya irin ta mai nasiha, in ce, "Hajiya, kama da wane ba ta wane. Araha ba ta ado. Ki saya sau ɗaya ki huta." Da wannan karin magana na aurar da ƙannena biyu, da shi na ɗora bene a gidana.

To yau na zo in tona wa kaina asiri kafin maƙwabcin rumfata ya riga ni, don na lura labarin ya fara yi masa nauyi a baki. Duk faɗin kasuwar nan, daga bakin France Road har 'Yankura, ban san mutumin da araha ta zura wa igiya a hanci take ja kamar ni ba.

Kada a ɗauka hannun jarirai ne da ni a komai. Tukunyar gidana ba ta taɓa rasa nama don maƙo ba, kuɗin makarantar yara ba ya wuce ranarsa, in an zo neman taimakon masallaci ba na shigewa bayan kwali. Ciwon nawa wuri guda yake tashi: kuɗin ɗakin kwana in na yi tafiya. Da zarar an faɗi farashin ɗaki sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙahon zuci. Hujjata kuwa tun ina saurayi ba ta canza ba: barci dai barci ne, in ka rufe ido, ɗakin dala ɗari da ɗakin dala ashirin duhunsu ɗaya.

Sai kuma lissafi irin namu. Ɗan kasuwa ba ya ganin kuɗi, kaya yake gani. In aka ce mini ɗaki dala 60 ne kwana guda, ni ba gado nake hangowa ba, takalmi ƙafa huɗu nake gani ana cinna wa wuta kowane dare. In kwana bakwai ne an haura dozin biyu. Wanda ya taɓa zuwa Wapa ya miƙa wa ɗan canji naira cike da jaka, aka miƙo masa 'yan dalolin da suka shige aljihun gaba ko tudu ba su yi ba, ya san ba a rabuwa da dala cikin daɗin rai.

Uzurori biyu nake fakewa da su. Na farko gobarar watan Maris na 2016, wadda ta tashi cikin dare ta cinye dubban rumfuna a kasuwarmu, har da tawa. Nakan ce duk wanda ya ga jarinsa ya zama toka dole ya koyi tattali. Na biyu dala, wadda tun da gwamnati ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023 ta yi ta hawa, kafin shekara ta zagayo ta haura naira 1,500. Duk wanda na karanto wa waɗannan sai ya gyaɗa kai, ban da uwargida.

"Alhaji, ka ƙyale gobarar nan ta huta," in ji ta. "Tun kafin a yi ta muka je Umara, ka kama mana masaukin da in muka fito da kiran salla, sai mu isa Harami ana sallamewa."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, wata tafiya ce da na yi Istanbul, garin da kakanninmu ke kira Santambul, a tsakiyar hunturu. Birnin ƙafarsa ɗaya a Turai ɗaya a Asiya, ruwan Bosforus ya ratsa tsakani, mu kuma 'yan sari harkarmu a ɓangaren Turai take, saboda haka in na dawo na ce daga Turai nake ban yi ƙarya ba. A gundumar Fatih unguwannin sarin suke maƙwabtaka da juna: Aksaray da Laleli na 'yan tufafi, sai Gedikfasha a gangaren Beyazit, matattarar masu ɗinkin takalma. Ɗan jirgin ƙasa na cikin gari yana ratsa babban titin, lungu-lungu kuma ofisoshin masu kago ne, sun lissafo sunayen biranen Afirka a jikin gilashi. Mutanenmu mafi yawa a otal-otal ɗin bakin titi suke sauka, kusa da dilolinsu. Da muka iso daga filin jirgi abokan tafiya suka ce in zo mu kama ɗakuna wuri guda. Na ce su je abinsu, akwai wata tsohuwar sani da ke jirana. Ban yi musu ƙarya ba, araha ce ke jirana.

Na ja akwatina na gangara lungunan da suka nufi Kumkafi, wajen bakin tekun Marmara, ana yayyafi mai sanyin ƙanƙara. A Turkanci kalma ɗaya na haddace da kyau, "indirim", wato ragi. Ita ce sallamata, ita ce ban kwanana. Otal bakwai na shiga na fito. A na takwas, wani siririn gini da aka matse tsakanin shagon masu yanka ƙasan takalmi da wani sito, mai karɓar baƙi ya danna 25 a kalkuleta ya juyo mini. Na goge na danna 15. Da a Sabon Gari ne sai ya ce albarka, in ƙara, ya rage, mu yi ta ja har mu haɗu a tsakiya. Wannan bawan Allah ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Sai na yi masa dabarar da ake yi mini kullum: na ɗauki akwati na juya, ina tafiya a hankali kamar mai taka ƙwai, kunnena na baya ina jiran a ce in dawo. Har na kai titi ba wanda ya kira ni. Na tsaya a ruwa na jiƙe sharkaf, sannan na komo kamar na manta wani abu. Ko tausayi ne ko gajiya, ya danna 22, ya nuna sama da yatsa, ya yi wata magana da sai daga baya na gane ma'anarta: akwai ɗaki a can ƙoli wanda ba a cika ba mutane ba.

Wallahi daɗin da na ji na dala ukun nan, ban ji irinsa ran da na sayar da kwali goma a tashi ɗaya ba.

Hawa na biyar ne, ba lif, matakalar kuma a murɗe take kamar ƙahon rago. Ɗakin, in na ware hannuwa sai in taɓa bango biyu. Akwai taga, ba zan yi musu ƙazafi ba, sai dai in ka buɗe ta bangon maƙwabta ne ke kallonka, kusa har ka iya shafa shi. An kafa ƙarfen ɗumama ɗaki a gefen gado, yana kwana yana tari da ƙugi kamar tsoho mai asma, amma in ka taɓa shi ya fi ka jin sanyi. Banɗaki guda ne ga duk 'yan hawan, ruwan zafinsa na wanda ya riga tashi ne. In zan yi salla sai na ɗora akwati a kan gado, alƙibla kuma a can kudu maso gabas take, ba kamar tamu ta Kano ba, ta faɗa daidai kusurwar da in na yi sujada dugadugaina na dukan ƙofa.

Da duk abin da na zo da shi nake kwana a jikina: singileti biyu, 'yar ciki, babbar riga, safa biyu, hula, in ɗora sallaya a kan bargo. Bangon kuwa kamar kwali. Na ɗakin kusa yakan raba dare yana ciniki a waya da wani yare, kuma ko da ban ji abin da yake cewa ba, daga muryarsa na gane ragi yake nema, sai na ji ya zama ɗan'uwa. Da an yi asuba masu takalma na ƙasa su fara buga guduma.

Abu ɗaya zan yaba wa ɗakin: ya mayar da ni mai ibada. Masallacin Laleli, wanda Sarkin Daular Usmaniyya Mustafa na Uku ya gina a shekarun 1760, yana da shimfiɗa mai laushi, ga shi iska ba ta ratsa shi, ni ne farkon shiga ni ne ƙarshen fita. Wani dattijo Baturke har hannu ya ba ni yana jinjina kai, ganin yadda nake daɗewa a zaune bayan an idar. Allah dai Ya san wanda ya zo neman lada da wanda ya zo jin ɗumi. Duk wurin tarihin da ake biyan kuɗin shiga ban leƙa ba. Aya Sofiya kaɗai na shiga, wadda aka mayar masallaci a 2020, ita ma don ba a karɓar kuɗin salla.

Abinci kuwa daga gida na yo guzuri: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari da dabino. Da safe otal na ba da shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, da burodi da zaitun da dafaffen ƙwai. Ƙwai ɗaya ake nufin kowa ya ɗauka. Ni nakan ci ɗaya, biyu su raka ni kasuwa a aljihu.

Abin mamaki, da na shiga Gedikfasha sai in koma wani mutum daban. In lanƙwasa takalmi, in shinshina fata, in bi ɗinki da farce, in ture duk wanda aka ce ya fi sauƙin kuɗi, don na san in ya ɓalle a ƙafar amarya sunana ne ya ɓalle. Ƙafar da ban taɓa gani ba nake zaɓar wa mai kyau, bayana kuma da nake tare da shi tun haihuwa in kai shi ya kwana a kan katifar da ta lotsa kamar kwale-kwale.

A dare na uku baƙi suka zo. Na ji ƙaiƙayi a wuya, na kunna fitilar waya, sai ga su jere a ɗinkin katifa kamar masu jiran adaidaita sahu a Bata. Na zauna a bakin gado ina susa ina dariya ni kaɗai, don lissafin ya fito fili: na gudo daga cizon kuɗi na faɗa hannun kuɗin cizo.

Da abin ya tsaya nan, da na tafi da sirrina har kabari. Amma son araha ba shi kaɗai yake yawo ba, yana da ƙane, sunansa son a sani. Kowace yamma in na gama zagayen sari sai in zura shaddata mai aiki, in haura babban titi, in shiga wani katafaren otal mai ƙofar gilashi mai juyawa da fitilu kamar gidan biki. In zauna a kujerar zauren baƙi, in harɗe, in sha intanet ɗinsu na kyauta, in roƙi wani ya ɗauke ni hoto. Sai in tura wa 'yan gida da zauren WhatsApp na 'yan layinmu, in rubuta a ƙasa, "Alhamdulillahi, ana hutawa." Ban ce nan na sauka ba. Ban kuma ce ba nan na sauka ba.

A yammacin rana ta shida, na gyara hula ke nan za a ɗauka, sai na ji hannu a kafaɗata.

"A'a! Alhaji! Ga ka kuwa. Ɗazu na iso. Tun da na ga hotunanka na ce ni ma sai otal ɗin Alhaji."

Maƙwabcin rumfata ne, mutumin da muka shekara goma sha biyar muna shan inuwa ɗaya muna ƙwace wa juna masu saye. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi mutanen gida, ina ta addu'ar kada ya yi tambayar da na san zai yi.

"Wane ɗaki suka ba ka?"

Na ce, "Ɗari tara da biyu."

Ya yi shiru, ya dubi sama, ya dube ni. "Ikon Allah. Ni da na ga ginin hawa shida ne."

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko gwiwa bai kai ba. Idonsa ya sauka a wuyana da ya yi ruɗu-ruɗu, bai ƙara tambaya ba, ya ce sai ya raka ni masaukina. Na yi rantsuwa, na kawo uzuri, ya kafe. Muka gangara tare, muka kama matakalar nan, yana tsayawa yana haki a kowane hawa. Da na buɗe ƙofa bai shigo ba, don ba wurin mutum biyu. Ya leƙa, ya dubi gado, ya dubi kwanon garin kwaki a kan taga, ya dubi shaddar jikina. Da dariya ya yi da ta fi mini sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Alhaji, Allah Ya sa kaffara ce. Ɗauko akwatinka, gado biyu ne a ɗakina."

A nan nake so mai karatu ya auna zurfin ciwon. Mutum ya kama ka dumu-dumu, ya rufa maka asiri, zai kai ka ɗaki mai ɗumi kyauta. Me ya kamata ya fara zuwa zuciyarka, in ba kunya ba ai godiya. Ni abin da ya fara faɗo mini shi ne kwana biyun da na riga na biya. Na bar shi tsaye a titi riƙe da akwatina, na koma wajen mai kalkuleta ina neman a mayar mini da dala 44. Bai mayar ba. Har yau in na tuna su sai na ji zafi.

Da na dawo Kano na zauna na buga lissafi, tunda shi ne yaren da nake ji. A kwana bakwai na tsirar da dala 266. A ɗaya shafin kuwa, murar da na kwaso ta sauka a ƙirji, ta kwantar da ni mako guda ana allura, yaran shago na sayar da kaya yadda suka ga dama. Bayan mako biyu aka wayi gari 'yan gida na susa. Ashe baƙin nan sun biyo ni a ɗinkin akwati, ba fasfo ba biza suka shigo Kano abinsu. Shi ma maƙwabcin nawa, ladan alherinsa, ya samu kasonsa. Katifa biyu aka fitar aka ƙona, aka kira mai feshi sau biyu, aka baza kayan gida a rana kamar an yi ambaliya. Uwargida ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsaya tana kallon hayaƙin katifa, ta ce, "Alhaji, wannan karon tsarabar Turai ta ishi kowa."

Da na warware na je gaida mahaifiyata a Fagge, ɗauke da uzuri na uku wanda na ƙera a gadon jinya. Na ce mata abin a jini yake. Fagge ai asalinta zango ce a wajen ganuwa, inda ayarin Azbinawa ke sauke gishirin Bilma. A wancan zamani farke ba ya biyan kuɗin kwana. Wajen fatoma yake sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, a adana masa kaya, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. In ciniki ya faɗa, fatoma ya ɗauki la'adarsa. Can cikin birni ma unguwar Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo sunanta. Haka aka yi fataucin goro zuwa Gwanja, daga zauren wannan maigida zuwa na wancan. Na ce, "Hajiya, jikan mutanen da ba su taɓa sayen barci ba, yaya za a yi ya koya rana tsaka?"

Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Kakanka dai shi ke ba da ɗakin. Kuma irin shimfiɗar da yake yi wa baƙo, a kan irinta yake kwana."

Maganar ta taɓa inda ke ciwo. In abokin cinikina ya zo daga Damagaram ko Agadas, ba na barinsa ya nemi masauki da kansa. Nakan kama masa ɗaki mai kyau nan kusa da kasuwa, mai na'urar sanyi da janareta, in biya ko tayawa ban yi ba, a kai masa abinci daga gidana a kwanukan baƙi. Baƙonka annabinka, haka nake cewa. Amma in gaskiya za a bi, a Kano ne, ido na gani, gobe za a faɗa a layi cewa Alhaji ya iya karɓar baƙo. Can kuwa inda ba wanda ya san sunan ubana, sai in kai kaina ramin da ko yaron shagona ba zan kai ba. Ashe alherin nawa sai da shaidu yake fitowa, baƙon da na fi rainawa kuma a duniya ni ne. Ga jarabar ciniki a kai: rai ya saba da cewa duk abin da aka saya ba a taya ba asara ce, ko da barci ne.

A tafiyar da ta biyo baya uwargida da maƙwabcina suka haɗa baki. Shi ya kama mini ɗaki a otal ɗin hoton nan, na ƙirga dala 60 ta kowane dare hannuna na rawa. Ɗaki ne na gaske: gado kamar fili, ɗumi ko'ina, tawul fari fat, taga na kallon hasumiyoyin masallatai har zuwa teku. Na kwanta, na ja bargo, na rufe ido. Sai kalkuletar da ke kaina ta tashi. Dala 60 a raba wa awa 24, kowace awa dala biyu da rabi. In na yi barcin awa takwas, dala 20 ta wuce ban ga komai ba. Na tashi zaune. Na kunna duk fitilun, na kunna talabijin ina kallon labarai da Turkanci, na yi wanka sau uku kafin asuba don kada ruwan zafin da na biya ya yi kwantai. Gari ya waye idona jawur, gajiyar da ban yi irinta ba ko a hawa na biyar. Ran tahowa na tattare 'yan sabulai da silifas ɗin ɗaki na zuba a jaka. Hali zanen dutse.

Shekaranjiya wani mutum ya zo rumfata saya wa matarsa takalmi. Ya taya rabin kuɗi, na ce albarka. Ya ƙara ɗari biyar, na ce albarka. Sai ya ajiye, ya juya, ya fara tafiya a hankali kamar mai taka ƙwai, kunnensa na baya. Na san tafiyar nan, na san abin da ƙirjinsa ke yi. Na buɗe baki zan ce araha ba ta ado, sai na ji maƙwabcina ya yi gyaran murya daga rumfarsa, yana susar wuya da gangan. Na haɗiye karin maganata. Na dubi ƙeyar mutumin nan, tausayinsa ya kama ni kamar uwa ɗaya ta haife mu. Na ƙwala masa kira ya dawo, na sa yaro ya ba shi kujera, aka kawo masa ruwan sanyi.

Ko kwabo ban rage masa ba.